Daga Askar Wanzami Zuwa Askar Riga

Duk wanda ya zauna a babbar kasuwar Jalingo, garin nan da Lamiɗo Muhammadu Nya ya kafa a 1893, ya ƙare wa fuskokin dattawa kallo cikin natsuwa, zai tarar da tarihin ƙasar Muri rubuce da aska: ga Bagobiri baƙon fatauci da tsagarsa tun daga gefen baki har kusa da kunne, ga matan Bororo da baƙin zane a goshi da kumatu, ga kuma tsofaffin Mumuye da na Kona, kowa da alamar da ke shaida nasabarsa. Amma idan ya waiwayi jikokinsu, sai ya ga allo wankakke.

Dalilan wannan canji ba ɓoyayyu ba ne. Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya la'anci mai yin zanen da ake cusa wa baƙi cikin fata da wadda ake yi wa. Likitoci sun yi gargaɗi game da cututtukan da askar haɗaka ke yaɗawa. Sannan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta yi wa yaro tsaga. Ni kam ban ga abin kuka a nan ba, domin jariri ba a shawarce shi ba. Abin da ke damuna shi ne hikimar hannun da ya san awo da daidaito, wadda wanzami ya gada daga kakanni, kada ta bi shi kushewa.

Hanya ɗaya ta ceto ta ita ce a mayar da zanen kan tufafi. A Amurka an yi wani gwanin zanen jiki, Don Ed Hardy, haifaffen 1945, wanda ya fara da karatun ɗab'in zane a San Francisco, sa'an nan ya tafi Japan a 1973 ya durƙusa gaban wani malamin sana'ar mai suna Horihide, ya sha daga tafkin zanensu na damisa da igiyar ruwa, ya gauraya shi da irin wanda matuƙan jiragen ruwan ƙasarsa ke so. Da wani Bafaranshe ɗan kasuwa, Christian Audigier, ya karɓi izinin buga zanen nasa a kan riguna da huluna, cinikin ya haura dala miliyan 700 a 2009. Sai dai kwaɗayi ya sa aka manna sunan a kan kowane tarkace har ya gundure mutane, kuma al'amarin ya kai su gaban alƙali.

Mu kuwa, tun kafin a haifi kakan Hardy, zane ya riga ya san hanyar tufafi. A dubi babbar rigar saƙi ko ta tsamiya irin ta Zazzau da Nupe, wadda mai surfani kan shafe watanni yana bi da allura, za a ga dogayen tsinin nan da suka sauko daga wuya zuwa aljihu, waɗanda masu sana'ar ke kira aska biyu ko aska takwas, ga tambari a ƙirji da baya. Duk sa'ad da na ji sunan nan sai in tuna zabirar wanzami, domin ido ɗaya ne ke auna tsayin tsaga da tsayin ɗinki. Haka nan 'yan matan da ke yi wa amare ƙunshi, wanda shari'a ta halatta saboda lalle bisa fata yake zama ya kuma gushe, furannin da suke zanawa a tafin hannu su ne ke dacewa da bakin mayafi da wuyan abaya, in da za su sami mai koya musu keke da zare.

Saboda haka ina roƙon teloli da masu surfani na Jalingo, tun da sauran tsofaffin wanzamai da gwanayen matan ruga a raye, su je su gaishe su da goro, su zana kowace alama a takarda, su rubuta sunanta da na mutanen da ke da ita, su nemi izininsu kafin su ɗora ta a kan yadi.