Yadda Hijira Ta Ɗaukaka Tonga a Fagen Zari-ruga

Duk wanda ya dubi masarautar Tonga, tsibiran nan da ke warwatse a kudancin tekun Fasifik, waɗanda jama'arsu ba ta wuce dubu 100 da 'yan kai ba, sa'an nan ya ji cewa tsakanin 2017 da 2019 ƙungiyarta ta zari-ruga, nau'in da ake bugawa da mutum 13 a kowane ɓangare, ta kayar da Niyuzilan da Birtaniya da Ostiraliya, lalle ne ya nemi sanin sababin al'amarin.

Asalin sababin kuwa hijira ce. Shekaru da dama mutanen Tonga suna barin gida neman abin masarufi, har ƙidayar Niyuzilan ta 2018 ta sami masu nasaba da Tonga fiye da dubu 82 a ƙasar, ban da na Ostiraliya da Amurka. 'Ya'yansu suka tashi a unguwannin Okland da Sidni, manyan ƙungiyoyi suka horar da su, alhali a gida iyaye ba su fasa koya musu harshe da ibada da sanin dangi ba. Da hukumar wasan ta duniya ta sassauta ƙa'ida a 2016, ta halatta wa mai nasaba biyu ya buga wa ƙaramar ƙasa ba tare da ya rufe wa kansa ƙofar babbar ba, zaton da ya rinjaya shi ne waɗanda manyan ƙasashe suka bari su ne za su amfana. Sai ga Jason Taumalolo, haifaffen Okland, wanda Niyuzilan ke tinƙaho da shi, ya zaɓi ƙasar iyayensa gab da gasar cin kofin duniya ta 2017, Andrew Fifita kuma ya fice daga tawagar Ostiraliya bayan an riga an sa sunansa. Sun bar kuɗi mai tsoka domin zumunci, kuma a ganina wannan muru'a ta cancanci yabo ba tare da ƙwange ba.

Natijar ba ta yi jinkiri ba. A gasar, a birnin Hamilton, Tonga ta ci Niyuzilan 28 da 22, a wasan kusa da na ƙarshe Ingila ta sha da ƙyar, 20 da 18, a gaban Sarkin Tonga Tupou VI da dubban mutane sanye da ja suna rera waƙoƙin coci. A 2019 aka kayar da Birtaniya 14 da 6, Ostiraliya 16 da 12. Samowa ta yi koyi, zaratanta suka komo mata, har ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2022.

Amma akwai abin da ya wajaba a faɗa, ko da ba shi da daɗin ji. Ƙarfin nan an rene shi ne a ƙasashen waje, tamkar gero da aka shuka a gonar aro, kuma galibin manyan wasannin a Okland da Hamilton aka buga su, yaron da ke gida Tonga sai dai ya gani a talabijin. Bugu da ƙari, a shekarar nan ta 2019 da aka ci Ostiraliya, husuma ta ɓarke bayan hukumar wasan ta Tonga ta sallami mai horarwa Kristian Woolf, 'yan wasa suka ce ba za su buga ba sai an dawo da shi, hukumar duniya ta dakatar da ta Tonga, har aka tilasta ƙungiyar ta shiga fili da sunan tawagar gayyata. Wato nasara mafi girma a tarihinta ta zo ne a lokacin da ba ta da halattacciyar hukuma a bayanta. Ƙa'idar nasaba kuwa tana tsayawa ne a kan kakanni, saboda haka wanda kakanninsa duka aka haifa a Okland ba shi da hujjar sa jar rigar Tonga, sai fa idan ya koma tsibiran ya zauna.