Dalar azurfa: yadda ake gane ta

A kasuwar Dakoro, idan mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Sunan ya girmi sefa, wadda aka ƙirƙiro a 1945. Asalinsa wani kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa ta hanyar hamada.

Duk wanda ya tsinci irin wannan dala a adakar kakarsa zai ga 1780 a jikinta, sai ransa ya ba shi ya yi arziki. A yi hattara. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji, a Biyana, daga baya har a Landan, Paris da Rum. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufa. Masu tara tsofaffin kuɗi ƙananan alamomin bugu suke dubawa.

Abin da mai saye zai fara yi shi ne awo. Dala ta gaske tana kai giram 28, kuma kashi 83 cikin 100 azurfa ce. Maganaɗisu ba ya kama ta, sannan akwai rubutu a kewayen bakinta.

Maƙeran fari sun narkar da irin waɗannan daloli da yawa, sun yi zobba da awarwaro. Waɗanda suka rage, don Allah a daina goge su da toka, gugar tana karya musu daraja a wurin masu saye.