Sana'o'in Mata da Iko a Gidan Bahaushe: Misali Daga Ƙasar Gwarzo da Kabo

A al'adar Bahaushe, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada, ciyarwa da tufatarwa da muhalli duk suna wuyan miji. Abin da mace ta samu ta hanyar sana'arta kuwa nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Daga nan ya kamata ɗalibi ya fara nazarin wannan batu.

A Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu, da wuya a sami matar aure wadda ba ta da abin yi. Wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, wata fura, wata daddawa ko ɗinkin hula, yara kuma su fita talla. Irin wannan ne Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a 1969, bayan bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina.

Sai dai tasirin wannan kuɗi ya danganta da rukunin da gida yake ciki. A gidan sarauta ko na attajiri kulle ya fi tsanani, kuma maigida ba ya buƙatar kuɗin matarsa. Saboda haka ribarta takan tafi ga adashi da gudunmawar biki da kayan ɗakin 'ya'ya mata. Wannan yana ɗaga darajarta a tsakanin kishiyoyi da dangi, amma ba ya ba ta ta-cewa a kan rumbu ko gona.

A gidan talaka manomi abin ya sha bamban. Idan damina ta yi nisa, hatsi ya ƙare a rumbu, sau da yawa daga cinikin uwargida ake yin cefane. Takan ma ranta wa miji kuɗin taki, kuma bashi ne na gaske, wanda za a biya da kaka. Matar da ta riƙe gida a watan Agusta, da wuya a sayar da akuya ko a tsayar da ranar auren 'yarta ba a ji ta bakinta ba. A zaure dai maigida ne zai sanar, ko da an riga an gama maganar a ɗaka.

A gidajen sana'ar gado kuwa, kamar na mahauta, matar takan dafa kai da ƙafa ta sayar. Da yake kayan daga hannun miji suke fitowa, in ya hana, sana'ar ta tsaya.