Rairayi A Kogi: Abin Da Kwatamin Gwaji Ya Nuna Mana

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Kwara da kaya a kwalekwale tsakanin Gaya da Malanbil ya san yadda rairayi ke tare hanya idan ruwa ya janye. To, me ke tara shi?

Masana sun daɗe suna bin diddigin lamarin a ɗakin gwaji. Sukan gina dogon kwatami, su shimfiɗa rairayi a ciki, su saki ruwa suna ƙara masa gudu suna ragewa. Wani Ba'amurke mai suna Gilbat ya yi haka a Jami'ar Kalifoniya, sakamakonsa ya fito a 1914. A 1936 kuma, a birnin Balin, Shilds ya auna ƙarfin da ruwa ke bukata kafin ya motsa ƙwayar rairayi.

Abin da aka gano shi ne, ruwa mai gudu kan kwashi rairayi, in ya lafa ya sauke. Laka kuwa takan toshe tsakanin tsakuwa, ƙwan kifi ya rasa iska ya mutu.

Ke nan duk itacen da muka sare a gaɓa, ƙasar wurin kogi za ta gangara, mu kuma mu biya a kuɗin fito da tsadar kifi.