Gudu da asuba, fanke da hantsi: abin da ke hana tumbi sauka duk da motsa jiki

Da an sallame sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, harabar filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai kan cika da mutane. Akwai ma'aikatan biro da suka ajiye mota a bakin ƙofa, akwai mata cikin hijabi da takalman wasa suna tafiya rukuni-rukuni, ga matasa masu sassarfa, ga dattawan da likita ya ce su riƙa taka ƙasa saboda hawan jini. Haka abin yake a Maradi da Damagaram da Tawa, a filayen ƙwallo da gefen manyan tituna, musamman ranakun Asabar da Lahadi.

Da yawa daga cikinsu abu ɗaya ya fito da su, wato neman rage ƙiba. Sai dai kukan da aka fi ji shi ne, an yi wata biyu ko uku ana zufa amma sikeli bai motsa ba, wando ma yana nan yadda yake. Wanda ya bi su bayan an tashi zai iya gane inda matsalar take. A hanyar gida akwai mai fanke da ƙosai, akwai teburin mai shayi da burodi da mayonas da madarar gwangwani, kuma wanda ya yi gudu yana ji a ransa cewa ya biya kuɗin wannan karin kumallon da guminsa.

Lissafin da ba ya son zuciya

Masana abinci suna auna ƙarfin da ke cikin abinci, da wanda jiki ke ƙonawa, da ma'aunin kalori. Mutum mai nauyin kilo 70 zuwa 80, idan ya yi tafiya da sauri ta minti 30, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 ba, ko kusa da haka. Kwalbar lemu mai zaƙi ta santilita 33 tana ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan ƙaramin cokali tara ke nan, kuma kalorinta ya kai 140. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori kusan 120. Ma'ana, abin da aka sha a cikin minti biyu na iya mayar da duk abin da aka zubar a cikin rabin awa.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ajiye da kalori sama da 7,000. Wanda ya dogara ga tafiyar minti 30 kaɗai, bai taɓa komai a kwanonsa ba, zai kwashe kusan kwana 50 yana fita kullum kafin kilo ɗaya ya tafi, shi ma sai in cinsa bai ƙaru ba. Kuma sau da yawa yakan ƙaru, domin motsa jiki na buɗe ciki, sannan wanda ya gaji da safe yakan rage kai-kawo a sauran yinin, ya hau kabu-kabu zuwa inda a da yake zuwa da ƙafa.

Akwai kuma yadda jikin kansa yake tsimi. Mafi yawan kalorin da mutum ke ƙonawa a yini, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne wajen bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ko da mutum yana kwance. A shekarar 2012, wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan ƙabilar Hadza ta arewacin Tanzaniya, mutanen da ke rayuwa da farauta da tsintar ƴaƴan itace, suna tafiyar kilomitoci kowace rana. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka ga kalorin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Abin da masana da dama suka ɗauka daga nan shi ne, idan aiki ya yi yawa jiki na rage kashewa ta wani gefen, don haka ba duk gumin da aka zubar ne ke zama ragi a sikeli ba.

Masu horar da kansu da yunwa

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka fahimci cewa abinci ne jigo, sai suka wuce gona da iri. Su ne masu barin karin kumallo da abincin rana, su yini da ruwan ɗumi da lemun tsami, sannan su fita gudu da yamma. A makon farko sikeli kan sauka da sauri, mutum ya yi ta murna, alhali yawancin abin da ya tafi ruwa ne. Daga nan sai jiri da ciwon kai da kasala da saurin fushi su biyo baya. Jikin da ake sa wa aiki ba a ba shi abin da zai gyara kansa yakan ci naman jikinsa tare da kitsen, kuma raguwar tsoka na nufin raguwar abin da jiki ke ƙonawa. A wajen mata, yunwa mai tsanani haɗe da motsa jiki mai yawa na iya rikita al'ada ko ta tsayar da ita.

Irin wannan horo ba ya daɗewa. Ranar da aka gaji aka koma cin abinci kamar da, nauyin kan dawo, wani lokaci har da ƙari. Hausawa na cewa garin neman ƙiba an samo rama. A nan kuwa garin neman rama ake samo cuta.

Ƴan kasuwa ma sun shigo cikin lamarin. A Facebook da WhatsApp da TikTok ana tallar shayin rage tumbi da ɗamarar sa zufa. Da yawa daga irin wannan shayi abin da ke cikinsu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa ko yawan fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitsen yana nan. Haka masu naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi su yi gudu cikin zafi: lita ɗaya ta zufa kilo ɗaya ce a sikeli, kuma tana dawowa da zarar an sha ruwa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yawancin garuruwan Nijar, wannan dabara na iya kai mutum ga suma ko ta taɓa masa ƙoda.

Abin da ya sa batun ya wuce kwalliya

A ƙasar da har yanzu ake fama da tamowa a tsakanin ƙananan yara, wasu na ganin maganar rage ƙiba ta ƴan gata ce. An daɗe kuma ana kallon tumbi a matsayin alamar samu, cikar jiki ga mace alamar tana cikin daɗi a gidan miji, har wasu na sayen ƙwayoyin ƙara ƙiba a kasuwa ba da izinin likita ba. Amma rayuwar birni ta sauya. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa, injin niƙa ya ɗauke daka, shinkafa da taliya da burodi da lemun kwalba sun shiga kowane gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba mai cutarwa, fiye da mutum biliyan ɗaya ke nan, kuma yawan manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ƙiba na ƙara haɗarin ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da ciwon gwiwa. Waɗannan cututtuka ne na shan magani har ƙarshen rayuwa, kuma a gidaje da yawa daga aljihu ake biya, wata bayan wata.

Ma'aikatan lafiya na amfani da ma'aunin IMC wajen gane matsayin mutum: a raba nauyinsa na kilo da tsayinsa na mita sau biyu. Daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce. Mai tsayin mita 1 da santimita 70 da nauyin kilo 85 yana kan 29 da ɗoriya. Akwai kuma awo mai sauƙi da ake yi da tef ɗin tela: kada kewayen ciki ya wuce rabin tsayin mutum.

Ba sai mutum ya koma jikinsa na samartaka ba kafin ya ga amfani. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 85, ya isa ya gyara hawan jini da sukarin jini. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna haka. Waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara uku. Waɗanda aka ba maganin metformin nasu ya ragu da kashi 31.

Inda ragin yake a kwanon gida

Shawarar da aka fi yarda da ita ita ce a rage kimanin kalori 500 a yini, a nemi saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wannan ragi ana samunsa ba tare da kwana da yunwa ba, kuma ba sai an sayi abincin kanti ba.

Wuri na farko shi ne sukari. OMS ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kimanin giram 50 ga babban mutum, kuma rabin haka ya fi. Wanda ke zama a fada ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku, safe da yamma, ga sukarin koko, ga na fura, ga zoɓo mai sanyi da rana, zai iya wuce wannan iyaka tun kafin la'asar. Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin da ke cikin nama kuwa 4, shi ya sa man da ke yawo a saman miya, da wanda ake tsiyayawa kan shinkafa da wake ko dambu, yake da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Na uku shi ne girman malmala da ƙarin da ake yi.

Abin da za a cike gurbin da shi yana nan a kasuwa. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, kuma wake na riƙe ciki yana gina tsoka. Ga ƙwai, kifi, nono marar sukari, ga zogale da rama da kabeji da tumatir da karas na lambu, musamman lokacin sanyi da suke araha. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da burodi daɗewa a ciki. Hanya mai sauƙi ita ce rabin faranti ya zama ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko nama ko kifi, sauran kuma tuwo ko shinkafa.

Wahalar ita ce a gidaje da yawa tire ɗaya ake haɗuwa a kai, babu mai sanin iyakar abin da ya ci, kuma tukunya ɗaya ake dafawa kowa. Magidancin da ke son rage tumbi dole ya yi magana da uwargida kan ludayin mai, matar da ke son ragewa kuma tana buƙatar a bar ta ta zuba nata daban ba tare da an ce tana ƙyamar abincin gida ba. Ga biki da suna, inda ƙin karɓar abinci kan zama abin magana. A watan azumi ma haka: an yini ba a ci ba, amma soye-soye da kayan zaƙi na buɗa-baki kan sa wasu su fita daga watan da nauyin da suka shiga da shi.

To mene ne amfanin gudun?

Amfaninsa na da yawa, ko da sikeli bai nuna ba. Motsa jiki na sauke hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci, yana rage kitsen da ke kewaye da kayan ciki, kuma yana kare tsoka a lokacin da ake rage ci. Bincike da dama ya nuna cewa waɗanda suka rage nauyi bai dawo ba, yawancinsu masu ci gaba da motsa jiki ne. OMS ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Tsugunawa da miƙewa, tura ƙasa da hannu, ko ɗaga jarkar ruwa a tsakar gida duk suna shiga lissafi.

Wanda zai yi tafiyar rabin awa zuwa awa ɗaya ba ya buƙatar wani abinci na musamman ko lemun ƙarin ƙarfi. Ruwa ya ishe shi, sai karin kumallonsa na kullum bayan ya dawo. Wanda zai yi gudu mai tsawo ko ɗaga ƙarfe zai iya cin ayaba ɗaya ko dabino kaɗan kafin ya fita. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba ko dab da magariba, kuma fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki.

Masu ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke sukari su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin rage ci da ƙara motsi a lokaci guda na iya sa sukarinsu ya faɗi ƙasa har su suma. Su, da masu hawan jini ko ciwon zuciya, da mata masu ciki ko shayarwa, ya kamata su fara zuwa likita ko CSI mafi kusa a auna su, a daidaita musu magani, kafin su canza abinci ko su fara fita filin.