Sabuwar kwamfuta, tsohon aiki: darasin da muka koya a Madarunfa

Duk wanda ya taɓa aikin lambu a Jiratawa ya san ba a fizge dashe a bar saiwarsa cikin ƙasa. Mu ma'aikatan rediyo a Madarunfa sai da muka sha wuya kafin muka gane cewa haka abin yake ga manhajar kwamfuta, wadda masu gyara a nan suke kira lojisiyel.

A daminar 2024 ne, wani dare da aka yi ruwa da tsawa, kwamfutar da muke haɗa shirye-shirye da ita ta mutu. A cikinta akwai hirarrakinmu da manoma da masunta, da muryoyin dattawan da suka ba mu tarihin tabkin Madarunfa da waliyyan nan 99 da ake cewa suna kwance kewaye da shi. Biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya, don haka babu inda za mu sake samun muryarsu.

Da gari ya waye muka kai ta Maraɗi. Mai gyara ya ce babban allon ciki, wato kat-mer, shi ne ya ƙone, amma faifan ajiya yana nan lafiya. Muka yi hamdala, muka sayi sabon allo da sabon faifai mai sauri, ya haɗa, ya zuba sabon Windows, ya kwafe mana duk abin da ke kan tsohon faifan. Muryoyin duka suka dawo. Amma da muka taɓa manhajar gyaran sauti, sai ta ce atafau ba za ta buɗe ba, alhali ga jakarta nan an kwafo ta ɗungurungum.

Dalili shi ne, manhaja ba kamar hoto ko waƙa ba ce da za a ɗauka daga kile zuwa kile. Ranar da aka girka ta, takan baza ƙananan fayiloli a wurare dabam-dabam cikin Windows, ta kuma rubuta bayananta a wani babban kundi da ake kira rajista. Waɗannan su ne saiwoyinta. Wanda ya kwafi jakar kaɗai, ganye ya ɗauko. Dole sai an sake girkawa daga faifan asali ko fayil ɗin girkawa.

Nan muka gamu da matsala ta biyu. Kamar gidajen rediyo da yawa, mun saba da Cool Edit Pro, wadda kamfanin Adobe ya saya a 2003 ya mai da sunanta Audition. Faifanta da lambar lasisinta sun ɓace mana tun shekarun baya, babu wanda ya rubuta lambar ko a bayan littafi. Sababbin fitowar Audition kuwa, tun 2013 ba a sayar da su sau ɗaya, haya ake biya a wata ko a shekara, abin da ƙaramin gidan rediyo ba kasafai yake iyawa ba. Wani ya ce zai kawo mana ta sata a kile, muka ƙi, domin ta irin wannan hanya cutar kwamfuta take shiga. Muka koma ga Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000. Sai dai ba ta karanta fayilolin haɗi na waccan, saboda haka duk shirin da muka bari rabi sai da muka sake shi daga farko. Mako guda masu saurare suna jin maimaici.

Shi kansa Windows yana da nasa sharaɗi. Tun Windows XP na 2001, kamfanin Microsoft ya ɗaure lasisi da kayan cikin na'ura. Lasisin da ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta yana bin allon cikinta ne, in an sauya allon, sai a ɗauke ta tamkar wata sabuwa. Ga kuma tsufa: an daina kula da XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Wani tsohon kayan sauti ba ya aiki da sabon Windows, don babu ƴar manhajar da ke sada su. Ya kamata a bincika wannan kafin a fitar da kuɗi.

Masu rubutu da Hausa su ma su kula. Tsofaffin takardunmu da aka buga da wasu haruffa na musamman, da muka buɗe su sai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suka koma wasu alamomi, har sai da muka lalubo haruffan a tsohon faifai muka girka.

Akwai hanyar ɗaukar hoton faifai gaba ɗaya da manhaja irin Clonezilla, wato dashe da ƙasarsa. Tana da kyau in faifai kawai za a sauya. In allo ne sabo, wani lokaci kwamfutar ba ta tashi, ko ta nemi sabon lasisi.

Yau muna da littafi guda a ofis da muka rubuta sunan kowace manhaja da lambarta. Fayilolin girkawa suna kan faifai dabam, muryoyi kuma muna ajiye su wuri biyu, ɗaya ba ya kwana a gidan rediyo. Tsohon faifai ba a goge shi sai an yi wata guda ana aiki da sabo. Muna kira ga ƴan uwa na ma'aikatun magajin gari, makarantu da gidajen likita, daga Ɗan Isa har Gabi, su yi wannan tanadi tun kwamfutarsu tana da rai. Mu mun yi sa'a allo ne ya ƙone, da faifan ne, da muryar dattawan nan ta tafi ke nan. Allah ya kiyaye.