Lamba 5,801,584: Siffofinta da Ajinta a Ilmin Lissafi

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Jihar Katsina tana da mutum 5,801,584. Jihar tana da kujeru 15 a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ɗaya daga ciki kuwa ita ce ta mazaɓar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Sashe na 72 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa yawan jama'ar mazaɓu ya kasance kusan daidai gwargwadon iko. To, shin wannan lamba tana rabuwa gida 15 ba tare da saura ba? Amsar tana cikin siffofin lambar kanta.

Da farko, lambar cika ce, ba mara ba, domin ta ƙare da 4. Ba ta rabuwa da 5, tun da ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Idan aka tara alƙalumanta, wato 5+8+0+1+5+8+4, za a sami 31, wanda ba ya rabuwa da 3. Saboda haka ita ma ba ta rabuwa da 3. Da yake 15 shi ne 3 sau 5, ba sai an yi doguwar rabawa ba kafin a san za a sami saura. Kowace mazaɓa za ta tashi da 386,772, mutum 4 su rage.

Na biyu, akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kamar 2, 3, 5 da 7. Su ne lambobin asali, tubalan da ake gina sauran lambobi da su. Idan aka yi ta raba 5,801,584 gida biyu har sau huɗu, za a tsaya a kan 362,599. Don tabbatar da ajin wannan, ya isa a gwada lambobin asali har zuwa 601, domin 603 sau 603 ya zarce ta. Babu wadda ta raba ta, ashe ita ma ta asali ce. Ke nan, lambarmu 16 ce sau 362,599, kuma lambobi 10 kaɗai ke raba ta. Kwatanta da 360, adadin kujerun majalisar duka, wadda lambobi 24 ke rabawa.

Na uku, tun zamanin Girkawa masana suke tara lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai, kamar 6 da take 1+2+3, lambar kammalalliya ce. In ta zarce, kamar 12, mai yalwa ce. A nan jimlar 5,439,016 ce, ta gaza lambar, don haka ajinta gajiyayya.

Malami zai iya ba ɗalibai adadin ɗaliban makarantarsu, su bi waɗannan matakai uku, su gano ajinsa da kansu.